Ni Na Ɓoye Sandar Baba

Assalamu alaikum jama'a. Ku gyara zama, amma ina roƙon alfarma ɗaya tun kafin in fara: wanda zai zage ni ya bari sai ya ji ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Sunana Yelwa, 'yar Malam Arzika magini ce ni, a nan cikin garin Gusau. Abin nan ya faru ne a bazarar shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa garinmu. Ina da shekara goma sha takwas a lokacin, sa'o'ina duk sun yi aure, wasu har da goyo na biyu, ni kuwa ina gida ina tuƙa wa Baba tuwo. Kada ku ce muni ne. Wallahi in na sha kitso, na zizara kwalli, na ɗaura baƙin zanena mai shuni, har masu jakai sukan rage tafiya. Matsalata guda ɗaya ce tak, tsawonta kamu uku, an sassaƙa ta da icen kanya, an sa mata ƙarfe a gindi. Sandar Baba ke nan.

Sauran iyaye in an zo neman 'yarsu, asali suke tambaya, da sana'a, da hali. Nawa uban sai ya ɗauki sanda ya ce a kai shi ya ga gidan. Da yake magini ne, ba a hana shi shiga, mata su shige ɗaki shi kuma ya bi gida lungu-lungu yana ƙwanƙwasa. Ya buga bango, ya tsokani rufi, ya daddaki ƙasa, ya karkata kunne yana saurare kamar ginin zai ba shi amsa. Har mutanen unguwa suka sa masa suna Duba-gari. Kai, gara ma duba-garin Bature, shi randa kawai yake leƙawa ya nemi tsutsa ya wuce.

Na farko da ya zo, Ɗahiru ne daga Bungudu, manomi mai rumbu huɗu. Baba ya je, aka kawo masa fura a ɗakin da aka ce nawa ne. Yana zaune ya ɗaga sanda ya soki azarar rufin, sai gari ya zubo masa cikin ƙwaryar fura. Gara ta cinye icen tas, ɓawo kaɗai ya rage.

"A sauke rufin ga, a sa giginya namiji, sannan in dawo," in ji Baba.

Mutanen Bungudu suka ce an ci musu fuska, ba su sake waiwayo mu ba.

Na biyu Lukuman ne, mai awon gyaɗa a wani kanti a Sabon Gari. Shi kam har na fara ɗinke zuciya, don ɗakinsa na kwano ne, yana ƙamshin sabulu. Baba ya je ya tarar da gwangwanayen kananzir shida a jere jikin zanar da ta kewaye murhu, ga fitilar aci-balbal a rataye saman su. Ya dawo ko ruwa bai sha ba ya ce da ni, "Wanga gida wuta ce ta yi barci." Na uku ba zan ma faɗi sunansa ba saboda kunya, salgarsu Baba ya taka, icen da aka gitta ya ce ƙaras, saura ƙiris a ciro mini uba daga inda ba a faɗa.

Ku gaya mini tsakani da Allah, wane gida ne a duniyar nan ba shi da tsaga ko ɗaya? Haka na yi ta haɗiye takaici, ana guɗar wasu ina wanke tukunya.

Ana cikin haka Gwaggo Tambaya, yayar Baba, ta iso daga Bungudu da ƙunshin kayanta a ka. Gajeruwa ce mai murya, in ta yi magana a tsakar gida ana ji a bakin kasuwa. Ta dire kaya ta ce ba inda za ta sai ta ga an wanke mini lalle.

"Arzika, mi kaka nuhi da ɗiyag ga? Jiƙa ta za ka yi ka sha?"

"Yaya, gida nika nema mata."

"Miji aka aure ko bango? Ni ɗakin da anka kai ni, in anka yi ruwa ƙwarya shida muka tarawa, ga ni ban mutu ba!"

Baba ya shafa sandarsa ya fita. Gwaggo ta bi bayansa da harara, amma ita ma ta san maganarta ta taɓa inda bai kamata ba.

Bari in gaya muku, don kada ku ɗauka ubana mahaukaci ne. Ina da shekara shida Innata ta tafi biki Bungudu. Masu gidan suka yaɓe soron baƙi da sabuwar ƙasa, suka shafe shi da farar ƙasa don a ga kyau, alhali azarar ciki ta ruɓe kuma sun sani. Aka yi ruwa kwana biyu, soron ya zauna a kan mata huɗu. Uku aka ciro da rai, ta huɗun ita ce Innata. Tun ranar Baba bai ƙara aure ba, kuma bai ƙara yarda da abin da ido ya gani ba sai abin da sanda ta faɗa. Shi ya sa gida mai lalacewa yakan ce a gyara ya dawo, amma gidan da aka rufe aibi don a yaudare shi, ko hanyar ba ya sake bi. Ina tausayinsa, Allah ya sani. Amma tausayi daban, zaman gida shekara goma sha takwas daban.

To, sai ga Mas'udu.

Mutumin Tsafe ne, yana da jakai biyar, yana kawo gyaɗa da auduga kantunan Sabon Gari. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in ya yi dariya sai ka rasa me kake fushi a kai. Ranar da ya fara sallama a ƙofarmu da la'asar, rigar saƙi ce a jikinsa, da malfa a rataye a baya, da takalman faɗe a ƙafa duk sun yi ƙura. Ni kuma na fito da zane mai ja da fari, da dutsen tsakiya a wuya, da munduwa biyu da suka rage mini na Inna. Ya ce tun ranar da ya ga na tsawata wa jakinsa a bakin rijiyar unguwa ya san ya ga matar gida. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, cikina kuwa cewa yake, ya Allah ka sa bangonsu lafiya yake.

Zuwansa na uku na ajiye kunya gefe. Sauran 'yan mata a wurin zance ana yabon idonsu, ni ga abin da nake yi:

"Malam Mas'udu, azarar gidanku ta giginya namiji ce ko mace?"

Ya buɗe baki. "Giginya ma tana da namiji?"

"Tana da shi, kuma shi gara ba ta ci. Murhunku fa, kamu nawa tsakaninsa da zana?"

"Yelwa, zance niz zaka ko shari'a?"

"Amsa mini. Indararon soro yana zubarwa ko ya toshe? Ɗakin da za a ba ni yana da taga, ko in an hura wuta hayaƙi ne zai kwana da mutum? Bangon baya, akwai kududdufi jikinsa?"

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, amma ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Ni da na tashi ina bin Baba da ƙwaryar ruwa in yana aiki, babu tambayar sandarsa da ban haddace ba. Na lissafa masa abin da zai gyara: a janye murhu daga jikin zana, a sake icen salga, a huda taga, a cike ramin da ke cin gindin bango. Can da zai tashi sai ya sosa ƙeya.

"Sai dai akwai tsohuwar rijiya tsakar gida, gindin durumi. Kakana yag gina ta. Ruwanta ya yi ɗaci, mun bar sha, bakinta kuma yana zubewa."

Na tsare shi da ido. "Zurfinta?"

"Gaba goma sha biyu."

"A cike ta."

"Innarmu ba ta yarda. Ta ce rijiyar da kaka yag gina da hannunai ba a binne ta, sadakarshi ce. Kuma ta ce akwai aljannu masu wurin ciki, in anka zuba musu ƙasa a ka, gidan za su dawo."

"To a gina mata baki, a sa marfi mai nauyi."

"Ƙasar bakin ba ta riƙe gini, sai an tone an ɗaure da dutse tun daga ƙasa. Aikin wata biyu ne, ga damina ta taho."

Raina ya ɓaci. Wata biyu, sannan damina, sannan a ce sai kaka. Na ja mayafina na ce, "Kai dai ka san yadda za ka yi." Na shige gida. Ban tambaye shi yadda zai yi ɗin ba, kuma yau in na duba zuciyata, ba mantuwa ba ce, ba na son in sani ne.

Saƙonninmu a bakin Saude dillaliya suke yawo. Dattijuwa ce mai tallan turare da tsakiya da allura, duk mako tana bin ayarin jakai tsakanin Gusau da Tsafe, kuma babu sirrin da ke mata nauyi. Ta zo ta baje kaya a gaban Gwaggo, tana miƙo mini kwalli tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ya ce murhu ya koma tsakiya."

Mako na gaba: "Ya ce taga ta hudu, har kyanwa na shiga."

Na gaba kuma: "Ya ce salga ko raƙumi ya hau. Ya ce kuma in gaya miki tunaninki ya hana shi cin tuwo, amma ni na ga ya ci malmala uku."

Da aka gama, manyansa suka aiko cewa Malam Arzika ya zo ya gani. Aka sa ranar Asabar, Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ranar Juma'a da hantsi muna tsince wake, sai ta matso har kafaɗarta na gugar tawa.

"Ke, kina son auren ga ko ba ki so?"

"Ina so, Gwaggo."

"To sandar can ita ce kishiyar arzikinki. Ko gidan sarki kinka kai ta sai ta samo abin hwaɗi. Ni ba ni iya taɓa ta, ya san tahiyata. Ke ɗai ka share mai ɗaki."

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ci mini rai. Shekara biyu ke nan idon Baba yana raguwa, yanar ido tana rufe shi a hankali. Ba wanda ya sani sai ni, don ni nake zura masa zare, ni nake gaya masa wanda ke tahowa tun daga nesa don ya gaishe shi da suna. Na san sandar nan ba ado ba ce, da ita yake gani. Na sani sarai. Amma da asubar Asabar, yana masallaci, na ɗauke ta daga bayan ƙofa na tura ta can ƙarƙashin rumbu, inda kaji ke kwana.

Ya dawo ya laluba bayan ƙofa, ya laluba gefen gado, ya fito tsakar gida.

"Yelwa, kin ga sandata?"

"A'a, Baba."

"Ayari na tahiya, Arzika!" Gwaggo ta ƙwala daga zaure. "Ga kara nan ka riƙa!"

"Kara ba ya magana," in ji Baba. Ya daɗe a tsaye, hannunsa na dama yana buɗewa yana rufewa. Sannan ya sa hularsa ya bi ta hannu wofi. Na raka su da ido har suka sha kwana, na dawo na zauna, ɗumamen da na ɗora har ya ƙone ban tashi ba.

Kwana biyar suka yi. Ranar da suka dawo tun daga bakin lungu na jiyo guɗar Gwaggo, maƙwabta suka firfito. Ta shigo tana rawa da 'yar ƙafarta mai ciwo.

"An ba shi! An ba shi! Bakin maƙiya ya mutu!"

Na kawo wa Baba ruwa, na durƙusa. Fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka har na manta.

"Yaron ga ya san gida," ya ce. "Na shafa bango da hannu, na rataya jikin azara, na taka salga. Murhu nesa da zana, ɗaki da taga. Kuma mutanen kirki ne, Yelwa. Sun yi sabon daɓe gindin durumi, sumul awa tahin hannu, nan sunka shimfiɗa mani buzu tun azahar har la'asar. Har sabon turmi sunka aje wurin, uwatai ta ce nan amarya za ta riƙa daka, ga inuwa."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, ashe ya shawo kan tsohuwa an cike rijiya. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi tsalle ni kaɗai har jigidata ta tsinke. Na so in ciro sandar in ce kaji ne suka ja ta, sai na ce bari dai a sa rana tukuna.

Kwana biyu bayan haka Saude ta zo, da ƙunshin goro fari da zobe na azurfa a ƙulle cikin ganye. Gwaggo ta fita barka, gidan daga ni sai Saude. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana dariya tun kafin ta fara.

"Angonki ya ce gobe da hantsi yana tahe da baffanninai a sa rana. Kuma ya ce in gaya miki, kin ga aikin maza? Tsoho ya zauna bisa rijiya tun azahar har la'asar yana sa albarka!"

Zoben ya suɓuce daga hannuna. "Bisa rijiya kamar yaya? Ba cike ta aka yi ba?"

"Cikewa? Wa za shi cike gaba goma sha biyu cikin kwana uku, ga tsohuwa ta ce sai bisa gawarta? Rassan durumin yas sare, ya gitta bisa baki, ya shimfiɗa zana biyu, ya zuba ƙasa, ƙannenai mata sunka daɓe da makuba. Wallahi ko ni da nis san wurin sai da niy yi ta nema."

"Ɗanyen durumi?"

"Ɗanye shar."

Jama'a, durumi! Icen da ko mazaunin tukunya ba a yi da shi, in ya sha damshi wata ɗaya sai ya zama kamar rogo dafaffe. A kan bakin da shi da kansa ya ce yana zubewa. Kuma a rasa abin da za a ɗora a kai sai turmi, a rasa wanda zai tsaya a wurin yana dukan ƙasa safe da yamma sai ni. Na ji wani haushi ya taso mini tun daga ɗan yatsan ƙafa. Wannan wane irin so ne, mutum ya haƙa maka kabari ya daɓe shi sumul ya aiko da zobe?

"An yi ruwa a Tsafe?" na tambaya.

"Shekaranjiya anka yi na hwari, har ƙasa ta jiƙa. Mi ya hwaru kika zare ido haka? Ai ya ce bayan biki za a san abin yi."

Bayan biki. Kafin biki kuwa, al'adarmu ce mata dangin amarya su je daɓen ɗaki, su kwana biyu a gidan ango. Mata goma sha biyu Gwaggo ta riga ta lissafa, kuma na san su, ba mai raina tuwo a cikinsu. A gindin durumin nan za su yi daka, taɓarya uku turmi ɗaya, a nan za su yi rawa in an gama.

Gwaggo na dawowa na ja ta bayan ɗaki na zayyana mata. Na ɗauka za ta yi salati. Ta yi salatin kam, amma sai ta kama kunnena.

"Ki rufe bakinki! Kin san halin ubanki, in yaj ji an rufe mai ido, ko Mas'udu ya zo da zinariya ya gama. Na huɗu ke nan, Yelwa. Wa za shi zo na biyar?"

"Gwaggo, ke fa za ki ja masu daɓe."

Ta saki kunnena. "Sai in tsaya gehe."

"Sauran fa?"

"Kowa da ranarshi! Mu da munka girma cikin gidajen ga, rijiya nawa munka tsallake? Ki bari a ɗaura, in kin shiga sai ki janye turmin da dabara."

Na dube ta. Wato in bar mata goma sha biyu su yi rawa a kan zana, in bar tsohuwar gidan da jikokinta suna ratsa wurin kullum, don dai kada a ce Yelwa ta yi kwantai. Kuma abin takaicin, wallahi sai da na auna maganar tata. Na auna ta da gaske. Na tuna wushiryar Mas'udu, na tuna yadda ya huda taga ya sake salga saboda ni, na ce ai ba mugunta ba ce, wauta ce da gaggawa, kuma ni na ce masa ya san yadda zai yi. Ina son sa, ban daina ba ko a lokacin da nake jin kamar in shaƙe shi. Amma duk inda na juya sai in ga Baba zaune a kan buzu, hannu wofi, yana sa wa mutane albarka, gaba goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka shafe soron Bungudu da farar ƙasa ma ai ba su yi niyyar kashe kowa ba, biki kawai suke so ya yi kyau.

Washegari da hantsi Gwaggo ta sa ni na yi wanka, na ɗaura zanen shuni, ta ɗaura mini fatala da hannunta tana ta yi mini kashedi da ido. Tana juyawa wajen tukunyar baƙi, na zaga bayan rumbu na kwanta rubda ciki da kwalliyata na jawo sandar. Duk ta yi kashin kaji da yanar gizo. Na goge ta da bakin zanena.

Baba yana zaure, ya sa farar rigarsa ta Idi, an shimfiɗa tabarmi uku. Na durƙusa na ajiye ta a gabansa. Ya ji ƙarar ƙarfen a ƙasa, ya miƙa hannu ya shafa ta tun daga kai har gindi.

"Ina tas shiga?"

"Ƙarƙashin rumbu. Ni na sa ta, Baba."

Bai ɗago ba.

"Akwai inda ba ka buga ba a gidan. Inda suka shimfiɗa maka buzu." Na zayyana masa duka. Na faɗi rijiyar, na faɗi durumin, na faɗi zana biyu da turmi, na faɗi abin da na ce wa Mas'udu a ƙofar gida. Sunan Gwaggo kaɗai na bari.

Na ɗauka zai daka mini tsawa, na ma fi son ya daka. Sai ya ce a hankali, "Kin san ba ni gani."

"Na sani, Baba."

"Ke ɗai kinka sani."

Hawaye suka wanke kwallin da Gwaggo ta sa mini. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Kina son shi har yanzu?"

"Ina son shi."

"Kuma kin san abin da nika yi wa gidan da anka ruhe mani ido."

"Na sani."

"Amma kinka kawo ta."

Kafin in amsa muka jiyo kukan jaki a waje, da muryoyin maza, da wata dariya da zan gane ko a cikin kasuwa. Aka yi sallama. Na yunƙura zan gudu cikin gida kamar yadda kowace budurwa take yi, sai Baba ya riƙe bakin mayafina. Ya ɗaga sandar ya sa mini a hannu, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa hannun mai kaushi.

"Ni na riga na ce na ba shi, ba ni da bakin tambaya. Ke za ki tsaya bisa wurin da taɓarya, ke za ki tambaye shi gaban baffanninai. In ya hwaɗi gaskiya da bakinai, in ya ce za shi tone, ki gaya mani abin da kika so. In ya ce babu rijiya, ke da kanki za ki miƙa mai goronshi."

Ban taɓa sanin sandar nan tana da nauyi haka ba. Na miƙe tsaye a gefen Baba, da kashin kaji a zanena da kwalli a kumatu, na riƙe ta hannu biyu.

Baba ya gyara hula, ya juya fuskarsa wajen hasken ƙofa, ya ce, "Wa alaikumus salam. Ku shigo."